Tambayi Likita: Jaririn Da Aka Haifa Da Tsagar Leɓe

Daga Kasala: Likita, cikina wata biyu. Yaushe hoton ciki ke nuna fuskar jariri?

Tsakanin sati 18 zuwa 22. Tsagar leɓe kan fito a hoton, ta ganɗa kuwa sau da yawa sai bayan haihuwa ake ganinta. Kada ki bar awo.

Daga Wad Madani: Maganin farfaɗiya nake sha, ga shi ina son haihuwa.

Wasu magungunan farfaɗiya, irin su valproate, suna ƙara haɗarin tsagar leɓe ko ganɗa. Kada ki daina da kanki. Je likitanki ya sauya miki, ya kuma rubuta miki folik asid tun kafin ki ɗauki ciki.

Daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno: Jikata kwananta biyar, leɓenta da ganɗarta a tsage, nono na fita ta hanci. Ana cewa uwar ce ta fita lokacin husufin wata. Ranar suna wanzami zai cire mata beli, wasu sun ce a yi mata lalas.

Hajiya, don Allah kada ƙarfen wanzami ya shiga bakin yarinyar nan! Naman da ke bayan ganɗa shi ne likitan tiyata zai haɗa ya rufe tsagar. In aka yanke shi ko aka ƙona, da me za a ɗinke? Ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Uwar ba ta da laifi. Leɓe da ganɗa suna haɗuwa ne a wata ukun farko na ciki, husufi bai da hannu a ciki. Kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa haka a duniya, kuma yana gyaruwa: leɓe a wata 3 zuwa 6, ganɗa wajen shekara guda.

Yanzu dai a kula da cinta, domin ba a yi wa jariri mai rama tiyata. Uwar ta tatso nono, a ba jaririyar da ƙaramin kofi ko cokali kaɗan-kaɗan, tana a zaune, a riƙa sa ta gyatsa.

Na san tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 tafiya ta yi wuya, amma ku kai ta asibiti cikin satin nan a duba ta, a auna nauyinta. In ta shaƙe, ko numfashinta ya yi sauri, ko jiki ya yi zafi, kada ku jira gari ya waye, ku kai ta nan take.