Kafin ka tura fayil ɗin lissafinka ga mai gyaran lojisiyel

Wani Alhaji mai shagon shinkafa da mai a babbar kasuwar Maradi ya turo min tambaya, ya ce lojisiyel ɗin da yake rubuta lissafi a ciki yana ba shi jimillar da ba daidai ba duk ƙarshen wata, yaron da ya haɗa masa shi yana Yamai, ya ce a turo masa fayil ɗin ta WhatsApp ya duba. Shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tura ko kar ya tura?

Alhaji ranka ya daɗe, gaskiyar zuciyarka ce. Fayil ɗin nan fa ba naka kai kaɗai ba ne, akwai sunan duk wanda ya ɗauki buhu bashi, lambar wayarsa, jikka nawa ake binsa, da farashin da kake saro kaya wanda ko maƙwabcin shagonka bai sani ba, ga lambar NIF ɗinka ta impo. Ka duba mutumin da ke zuwa bayan magariba ya karɓi rabin buhu don kar a gan shi, amana ya ba ka. Ba wai yaron ba shi da kirki ba ne, amma waya tana ɓata, ana aronta, ana kai ta gyara.

Sai dai shi ma yana da hujja, ba ya iya gyara abin da bai gani ba. To ka yi kwafi, ka ajiye na ainihi a kile USB kar ka taɓa shi, duk aikin a kan kwafin za ka yi. Sunaye ka maida su Mutum 1, Mutum 2, amma nan ne mutane ke kuskure, in ka kira wani Mutum 7 to duk inda ya fito ya zama Mutum 7, in ba haka ba ka ruguza lissafin kuma matsalar da ake nema ta ɓace. Lambobin waya ka sa na ƙarya masu lamba 8 kamar namu na Nijar. Ka leƙa wurin bayani ma, don a nan ake rubuta irin su "ƙanin matar liman, zai biya bayan girbin gero", wannan ko babu suna kowa a unguwa ya gane shi.

Kuɗin kuwa, don ɓoye adadin ainihi, ka ninka duka da lamba iri ɗaya, misali 3, sannan ka sake buɗewa ka ga ko jimillar tana nan a karkace. In ta gyaru da kanta to matsalar tana cikin adadin ne, wataƙila wajen canjin naira zuwa sefa tunda kuna sayayya ta Jibiya, sai ka bar layukan da matsalar take ciki da adadinsu na ainihi ka goge sauran. Sau da yawa layi goma sun ishe shi.

In Excel ne, ɓoye layi ba gogewa ba ne, da dannawa ɗaya zai fito, kuma fayil ɗin kansa yakan riƙe sunan mai kwamfutar, ka sa a cire. In yaron ya ce dole sai na ainihi, to ya zo Maradi ku zauna a shago ya duba a gabanka, kuɗin mota bai kai abin da ke cikin fayil ɗin ba.