Wace hawainiya ce ta dace da mai fara kiwo a Katsina?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace irin hawainiya ce za ka fara kiwo a gidanka da ke Katsina, tunda ba ka taɓa riƙe ko ɗaya ba. Shawarata ita ce ka nemi hawainiyar Yaman, wadda asalinta ƙasar Yaman ne da kudancin Saudiyya, mai tudu a ka kamar kwalkwali. Ta fi sauran jure zafi da kuskuren sabon mai kiwo, kuma namijinta yakan kai tsawon santimita 60. Namijin nake ba ka shawara, domin macen tana yin ƙwai ko babu namiji, abin da ke raunana ta.

Hawainiya mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya sanyi take so, zafin bazarar Katsina kuwa zai iya kashe ta. Ta Madagaska mai launi tana da kyau, amma tana buƙatar laima wadda iskar hunturu ba za ta bari ba. Tamu ta daji kuma sau da yawa tana ɗauke da tsutsar ciki, gara a bar ta a kan bishiyarta.

Ka sani hawainiya ba ta cika shan ruwa a kwano ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa, saboda haka ka riƙa fesa wa ganyen kejinta ruwa safe da yamma. Ka ajiye ta ita kaɗai cikin dogon keji mai raga, inda hasken rana zai same ta tare da inuwa, ka ciyar da ita fara da gyare masu rai waɗanda maganin feshi bai taɓa ba, kana barbaɗa musu garin kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.