Tambaya da Amsa: Wane ne Ya Fara Neman Sulhu, Allah ko Ɗan Adam?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni Musulmi ne, ina sayar da yadi a Kasuwar Barci. Kwanakin baya na halarci jana'izar mahaifin wani abokin cinikina a Sabon Tasha, inda na ji mai wa'azi yana maimaita cewa Allah ya sulhunta duniya da kansa ta wurin Almasihu. A sanina, bawa idan ya yi laifi tuba yake yi, Ubangiji ya yafe masa. To me ya kawo batun sulhu, kuma me ya sa tuba kaɗai bai wadatar ba? Ba gardama nake nema ba, fahimta nake so. Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa zumuncin da ka sada. Maganar da ka ji tana cikin wasiƙa ta biyu da Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, sura ta 5, aya ta 18 zuwa ta 21, kuma tana daga cikin ginshiƙan bangaskiyar Kirista.

Koyarwar ta fara ne daga yadda Littafi Mai Tsarki yake kallon zunubi. Zunubi ya wuce jerin laifuffukan da ake rubuta wa mutum, domin yana yanke zumuncin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. A sura ta 3 ta Littafin Farawa, bayan Adamu da Hawwa'u sun ci daga itacen da aka hana su, abin da suka fara yi shi ne ɓuya, kuma Allah ne ya kira Adamu yana tambayarsa inda yake. Annabi Ishaya, a sura ta 59, ya ce laifuffukan mutane ne suka raba su da Allahnsu, Bulus kuwa a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa ya kai ga kiran 'yan Adam maƙiyan Allah. Babu Kiristan da yake cewa rikici ne na tsara da tsara wanda kowane ɓangare yake da nasa laifin. Laifin gaba ɗaya na mutum ne.

Ka san yadda muke yi a nan idan saurayi ya saɓa wa surukinsa. Shi mai laifin ne zai nemi dattawa, ya sayi goro, a raka shi har zaure, ya tube takalmi ya durƙusa, a yi ta ban haƙuri har sai dattijon ya sauko. A koyarwar Kirista lamarin juyawa ya yi, domin wanda aka yi wa laifin ne ya taso ya nemi mai laifin, kuma shi ne ya ɗauki nauyin duk abin da sulhun ya ci. Romawa 5:8 ta ce Allah ya nuna ƙaunarsa da yake Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, wato tun kafin wani ya ce a yi haƙuri. A ganina duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe kan zancen, sauran kuwa bayani ne.

Game da dalilin da ya sa tuba kaɗai bai wadatar ba, Kiristoci suna cewa gafara ba ta taɓa zama kyauta ga mai yin ta, domin duk wanda ya yafe bashi shi ne ya ɗauki asarar. Suna kuma cewa Allah mai jinƙai ne kuma mai adalci, ba ya kau da kai daga mugunta kamar ba a yi ta ba. An nuna haka tun a Tsohon Alkawari. A sura ta 16 ta Littafin Firistoci, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, babban firist yakan yanka bunsuru ɗaya ya shiga da jininsa bayan labule, cikin Wuri Mafi Tsarki, sa'an nan ya ɗora hannuwansa a kan bunsuru na biyu, ya hurta laifuffukan jama'a a kansa, a kora shi jeji. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi, shi ya sa ake maimaita hadayar kowace shekara, kuma dukan wannan ishara ce ga hadaya guda da Yesu ya miƙa sa'ad da aka gicciye shi a Urushalima a zamanin Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36 miladiyya. Matiyu, Markus da Luka duk sun rubuta cewa labulen Haikali, wato wanda ya kange Wuri Mafi Tsarki a babban ɗakin ibadar Yahudawa, ya tsage a ranar, abin da Kiristoci suka fahimta da cewa hanyar zuwa gaban Allah ta buɗe.

Malaman Kirista sun daɗe suna tattauna yadda gicciyen ya kawo sulhun. Anselm, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya yi bayani wajen shekara ta 1098 cewa mutum ne ake bin bashin amma Allah kaɗai ke iya biya, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelard na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya fi ƙarfafa cewa ƙaunar da aka nuna a gicciye ita ce take karya taurin zuciyar mai zunubi, magabatan Kirista na farko kuma sun fi magana a kan nasarar da Almasihu ya yi bisa zunubi da mutuwa ta wurin tashinsa. Ni ban ga dalilin riƙe ɗaya a jefar da sauran ba. Abin da nake ƙi shi ne wa'azin da wani lokaci ake ji, wanda yake nuna Allah Uba a fusace yayin da Ɗa, wato Yesu, yake lallashinsa. Nassin da ka ji cewa ya yi Allah da kansa ne yake cikin Almasihu yana yin sulhun, kuma a Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba wanda ya ƙwace masa ransa, shi ne ya ba da shi.

Wannan bai soke tuba ba. Wa'azin Yesu na farko a Markus 1:15 kira ne a tuba a gaskata bishara, sai dai tuba da bangaskiya su ne hannun da ake karɓar sulhun da shi, ba su ne farashinsa ba. A nan ne addinan biyu suka rabu, kuma ba zan ɓoye maka ba: Alƙur'ani ya ce babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani, kuma aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Na faɗa maka abin da abokin cinikinka ya gaskata ne, domin ka san ma'anar abin da aka karanta a kan gawar mahaifinsa.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar ECWA ce, maigidana kuwa ɗan Katolika ne. Yana cewa sai an hurta zunubi ga Fada kafin a sulhunta da Allah. Haka ne? Daga wata 'yar zumuntar mata a Kakuri.

AMSA: Mama, ku biyun kun yarda cewa Almasihu ne ya kawo sulhun, bambancinku yana kan yadda mai bi yake komowa bayan ya faɗi. Katolika tana dogara ga Yahaya 20:23, inda Yesu ya ba almajiransa ikon gafarta zunubai, kuma tun babban taron shugabanninta na Lateran, a Roma, a 1215 ta wajabta hurta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara, tana koyar da cewa Allah ne mai gafarar, firist ma'aikaci ne kawai. Ikilisiyarki tana dogara ga 1 Yahaya 1:9 da 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci ɗaya ne, don haka mai bi yana hurta zunubinsa ga Allah kai tsaye. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da ƙungiyar Lutheran ta duniya, waɗanda su ma 'yan Furotesta ne kamar ECWA, sun sa hannu a kan cewa ta wurin alheri kaɗai Allah yake karɓar mutum, ko da yake batun hurci ga firist yana nan yadda yake. Kada ki hana maigida zuwa wurin Fada, shi kuma ya sani ikilisiyarki ba ta ɗora miki wannan ba. Idan laifin ya shafi haƙƙin wani, to, Fada da Fasto duk za su tura ku Matiyu 5:23-24, inda aka ce mutum ya ajiye baikonsa, wato abin da ya kawo don miƙa wa Allah, a gaban bagade, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna.