Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaya yadda hira za ta magance faɗuwar gaba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce an auna zuciyarki an samu lafiya lau, aka tura ki wurin masanin halayyar ɗan'adam don a yi miki jinyar gyaran tunani da ɗabi'a da ake kira CBT, kuma kina mamakin yadda zama a yi hira zai hana zuciya bugawa. Wallahi ni ma wannan ciwon ya wahalar da ni, kuma irin tambayarki na yi a lokacin, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsata.

A iya fahimtata, ba hirar ce take warkarwa ba, gwajin da ake sa mutum ya yi a kan abin da yake tsoro ne. Wani masani a jami'ar Oxford mai suna David Clark ya bayyana a 1986 cewa firgicin yana tasowa ne idan mutum ya ji wani ƙaramin sauyi a jikinsa, kamar saurin bugun zuciya ko jiri, ya fassara shi da cewa mutuwa ce ta zo. Fassarar ta ƙara tsoro, tsoron ya ƙara bugun, bugun kuma ya zama hujjar fassarar. Ranar da mai yi mini jinya ta zana mini wannan zagayen a takarda sai da na yi kuka, saboda karon farko ke nan da wani ya nuna ya yarda akwai abin da ke damuna.

Kafin nan kuwa na ga wulaƙanci. Wani dare abin ya taso mini har yatsuna suka ƙage, ina kalmar shahada ina yi wa maigidana wasiyyar yara, aka ɗauke ni zuwa wani asibitin kuɗi da ke kusa da mu. Ma'aikaciyar jinyar da muka tarar ta ɗaura mini na'urar awon jini, ta duba, ta taɓe baki, sannan ta ce wa maigidana a gabana, ko kallona ba ta yi ba, wai lafiyata ƙalau, shagwaɓa ce da neman a kula ni. Ina kwance ina jin kamar raina zai fita, ita kuwa ta koma kan wayarta. Yayar mijina tana tsaye a wurin, kuma kafin sati ya zagayo maganar ta karaɗe dangi, wasu na cewa shagwaɓa, wasu na cewa iska ce. Har yau idan na tuna yadda matar nan ta taɓe baki raina yana ɓaci, domin kalmarta ce ta sa na daina faɗa wa kowa idan abin ya taso, sai in shige banɗaki in sha wahalata ni kaɗai. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

A wurin jinyar an sa ni na riƙa numfashi da sauri da gangan har jirin da nake tsoro ya zo, muka zauna muka jira, ya wuce ban faɗi ba. Daga baya aka koma kan dabaruna na kare kai, wato robar ruwan da ba na rabuwa da ita, zama kusa da ƙofa a gidan biki, da taɓa jijiyar wuyana ina ƙirga bugu. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Paul Salkovskis ya yi bincike a kan irin waɗannan dabaru, kuma bayaninsa shi ne muddin kina riƙe da su, duk lokacin da kika tsira za ki ce su ne suka cece ki, ba za ki taɓa gane cewa da ma babu abin da zai faru ba. Barinsu ya fi komai wuya a wurina, kuma daga nan ne na fara ganin sauƙi. Addu'a kuwa ba wanda ya ce in bari, kada a tsorata ki da wannan.

Su kansu masana ba su gama daidaitawa kan ainihin abin da ke kawo sauyin ba. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwar da ya assasa wannan hanya a Filadelfiya ta Amurka a shekarun 1960, ya tafi a kan cewa gyaran gurɓataccen tunani ne tushe. Amma a 1996 Neil Jacobson da abokan aikinsa sun raba jinyar kashi-kashi ga masu ciwon damuwa, suka samu cewa waɗanda aka mayar da su ga ayyukan yau da kullum kaɗai, ba tare da an taɓa tunaninsu ba, sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa jinyar gaba ɗayanta. Ni dai a ganina aikin ne yake sauya tunanin, domin an sha gaya mini ba zan mutu ba ban yarda ba, sai da jikina ya gani da kansa.

Don Allah ki riƙa yin aikin gidan da za a ba ki, ko da rubutun ya gundure ki. Idan an haɗa miki da ƙwayoyi kada ki yanke su ba tare da sanin likita ba, ki kuma tambaya ko an duba ƙarancin jini da maƙoƙo, tunda su ma suna sa zuciya gudu. Ki rage goro da shayi mai kauri. Kada kuma ki tafi asibiti da wanda zai yaɗa sirrinki, ko da 'yar gida ce, gara ki nemi mutum ɗaya mai riƙon amana ya raka ki. Idan kin fara zuwa, ki dawo ki gaya mana wace dabarar aka fara ce miki ki ajiye. Allah ya ba ki lafiya.