Lauyana ya yi kuskure ya zo ya faɗa mini da bakinshi, in sallame shi?

Wani Alhaji mai sai da aya da wake a babbar kasuwar Maradi ya turo mini tambaya. Ya ba wani ɗan kasuwa kaya bashi na miliyan 4 na sefa, mutumin ya riƙa mishi yau da gobe, sai ya ɗauki lauya. Lauyan ya samo takardar alƙali da ke umartar mutumin ya biya, amma takardar ta kwanta cikin dosiye, ba a ba wisiye, mai kai takardun kotu, ya kai ba har ta mutu. Metir, wato lauyan, da kanshi ya tako runfa ya ce laifinshi ne. Yanzu maƙwabtan runfa na cewa ya kore shi.

Alhaji Allah ya huci zuciyarka, miliyan 4 ba abin wasa ba ne a wannan lokaci. Amma ni shawarata kar ka sallame shi, aƙalla ba yanzu ba.

Ka fara gane girman ɓarnar tukuna. A dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da wasu ƙasashe 16, in alƙali ya sa hannu a irin wannan takarda dole a kai ma wanda ake bi cikin wata 3, in ba haka ba ta zama kamar ba a yi ta ba. Takardar ce ta mutu, bashinka yana nan, ana iya sake shigar da buƙata. Abin da ya fi damuna shi ne wa'adi, don cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa shekara 2 doka ta ba da a nemi haƙƙi, ba shekara 5 ta sauran basussukan kasuwanci ba. To ka lissafa daga ranar da ya kamata a biya ka, yau ɗin nan ba gobe ba. Kuma in mutumin ya fara kwashe kayanshi ta Dan Issa zuwa Jibiya ko Katsina aiki ya ƙaru sosai, Najeriya ba ta cikin OHADA.

Shi ya sa zuwan Metir ɗin nan ke da daraja wurina. Da ya so sai ya ce maka alƙali ya yi tafiya, ko dosiye na gaba ana dubawa, kai kuma ba ka san wata 3 ba balle shekara 2, haka za ka yi ta zarya kana sa mai a moto har lokaci ya ƙure maka gaba ɗaya. Wallahi da yawa haka suke yi. Shi ya zaɓi ya ji kunya a gabanka tun da sauran gyara, kuma ya san zai iya rasa ka. Mutumin da ya faɗa maka abin da ke ɓata mishi suna, ranar da ya ce maka shari'arka ba ta da ƙarfi ku yi sulhu, za ka iya yarda da shi.

Amma fa yarda ba ta hana rubutu. Ka ce mishi ya rubuta maka abin da ya faru ya sa hannu. Kuɗin sake shigar da buƙata da na wisiye karo na biyu shi zai ɗauka, ba kai ba, kuma ya ba ka rana takamaimai. Ka riƙe kofin kowace takarda, faktir, resi, har saƙonnin WhatsApp inda mutumin ya amsa ana bin shi, waɗannan su ne ƙarfinka. Ranar da wisiye ya kai takarda a ba ka shaida a hannu, don daga ranar ne ake ƙirga kwana 10 da wanda ake bi ke da su na ƙalubalanta, a da kwana 15 ne kafin gyaran dokar na 2023.

In ya ƙi rubutawa, ko ya fara neman ƙarin kuɗi a kan kuskurenshi, to nan magana ta canza. Ka karɓi dosiyenka ka kai ma wani, ka rubuta koke zuwa ga shugaban ƙungiyar lauyoyi a Yamai. Haka ma in ya tabbata sakacin nan ya sa wa'adi ya wuce kuɗin sun salwanta, kana da damar neman diyya, ka tambaye shi tun yanzu ko yana da inshorar aiki.