Tambaya da Amsa: Darasin Ilimin Halittu ga Yaran da Ke Karatu a Gida

Tambaya: Ina zaune a Amurka, inda mu iyalai bakwai masu koyar da 'ya'yanmu a gida muka haɗa kai, kowa ya ɗauki darasi ɗaya. An ɗora mini ilimin halittu na matakin sakandare, sau ɗaya a mako, alhali ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Tunda sau ɗaya kuke haɗuwa a mako, yara su yi karatun littafi a gidajensu, ranar haɗuwa kuma a keɓe ta ga aikin hannu.

Ku yi karo-karo ku sayi madubin ƙara girma mai ninka abu sau 400. Ki ɓare siririyar fatar cikin albasa, ki ɗiga mata aidin, yara su ga ƙwayoyin halitta jere kamar tubalin gini, kowanne ya zana abin da idonsa ya gani. Wani makon ki karɓo zuciyar tunkiya daga wurin mahauci, su tsaga ta su ƙirga ɗakunanta huɗu, su taɓa bangon ɗakin hagu na ƙasa su ji kaurinsa, domin shi ke tura jini zuwa dukan jiki. A ganina, wannan darasi ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwar yaro.

Kada ki yi sakaci da ajiye rahoton kowane gwaji da makin kowane ɗalibi, domin jami'o'in Amurka da yawa suna neman shaidar an yi kimiyya a aikace. Ki kuma duba dokar jiharku, saboda ƙa'idojin karatun gida sun bambanta daga jiha zuwa jiha.