Mama ta yi aikin gwiwa, mu barta ta huta ko ta riƙa takawa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Agege nake rubutowa. Mahaifiyata shekararta 64, wata huɗu kenan da aka yi mata aikin canjin gwiwar dama, ta hagun ma ance ta cinye amma ba a kai ga aiki ba tukuna. Tunda muka dawo gida muka hanata komai, ko ruwan alwala kawo mata ake har gado, yayanmu yace kar ta riƙa yawo ƙarfen zai goge. Yanzu gwiwar ta riƙe bata lanƙwasuwa sosai, ga ƙiba ta ƙaru. Dan Allah hutun ne yafi ko tafiyar? Sannan ya zata yi da sallah, har kuka take akan rashin sujada.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ku kuma Allah ya saka muku da wannan hidima. Amma gaskiya ɗaya ce kuma zan faɗa miki ita, wannan hutun da kuke bata shi ne yake riƙe mata ƙafa. Nasan tausayi ne yasa, uwa ce, ba mai son ganin tana ɗingishi tana cije baki. Ni aikina gashin ƙashi ne wato fisiyo, kuma abinda nafi fama da shi a wajen mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba ƙin shan magani bane, wannan zaman ne. Akwai wani dattijo da 'ya'yansa suka shigo min da shi a kujerar asibiti, aikin da aka yi masa ya yi kyau, tabon ya warke fes, amma da na ɗage wandonsa na haɗa cinyoyin biyu sai ga ta wajen aikin ta tsotse kamar ba a jiki ɗaya suke ba, nace Baba ɗaga min ƙafar nan daga kan gado, ya yi ya yi diddigen ko motsi. Ba abinda ya lalace a ƙarfen, naman cinyar ne ya mutu saboda wata da watanni ba a sa shi aiki ba.

Ki fara da kwantar wa Yaya hankali akan maganar gogewa. Gwiwar da ake sawa ƙarfe ne sama da ƙasa da wata roba mai tauri a tsakani, don tafiya aka yi ta, kuma yawanci tana kai shekara 15 zuwa 20 har fiye. Shi yasa a asibiti tun ranar aikin ko washegari ake tada mutum ya taka da abin dogarawa. Abinda ake gudar mata shi ne gudu, tsalle, ɗaukar kaya mai nauyi da kuma faɗuwa. Tafiya bata ciki.

Ita kuma ta hagun da aka ce ta cinye, shi ne amosanin gaɓɓai da mutane ke kira sanyin ƙashi, guringuntsin da ke rufe kan ƙashi ne yake sirancewa. Ba Mama kaɗai bace, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da shi, miliyan 365 a gwiwa. Abinda mutane basu sani ba shi ne guringuntsi bashi da jijiyar jini ko ɗaya, abincinsa daga ruwan cikin gaɓar yake samu, kuma ruwan baya shigarsa sai an taka an ɗaga, kamar yadda soso yake shan ruwa in kin matsa kin saki. Kinga kenan wanda ya zauna yunwa yake sa wa gaɓarsa. Ga kuma ƙibar da kika ambata, kowane kilo ɗaya da ya ƙaru gwiwa tana jinsa kusan ninki huɗu a kowane taku, haka in ya ragu sauƙin ma ninki huɗu ne, don haka a rage mata lemon kwalba da shayi mai suga da yawan tuwon dare, ba sai an sa ta yunwa ba.

Riƙewar nan ita tafi damuna a wasiƙarki. Bayan tiyata jiki yana saƙa tabo a cikin gaɓar, in ana lanƙwasawa kullum tabon yana yin laushi yana bin motsi, in an barshi sai ya ƙame kamar fatar da aka shanya a rana, kuma duk satin da ya wuce ƙara tauri yake. Wata huɗu ba a makara ba amma ba lokacin jira bane. Cikin satin nan ku koma wajen likitan da ya yi aikin ya auna lanƙwasuwar, mutum yana buƙatar kamar digiri 90 kafin ya zauna a kujera daidai, mu kuma muna so ta kai 110 zuwa 120. In ya ga ta riƙe da yawa shi zai yanke abinda za a yi. Sannan ku nemi a tura ta sashen gashin ƙashi, akwai a asibitin ƙashi na Igbobi, akwai a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai a asibitin koyarwa na LASUTH Ikeja wanda shi yafi kusa da ku.

A gida kuwa ga abinda nake koya wa iyayenmu, kuma da lokutan sallah nake ɗaure shi don ba a mantawa. Bayan asuba tana kan gado ta miƙe ƙafar, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, ta danna bayan gwiwar ƙasa har taji naman cinya ya ɗaure, ta ƙirga biyar ta saki, sau goma. Sai ta ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, ta sauke a hankali, shima goma, in goma ta gagara a fara da uku. Bayan azahar ta zauna a kujera, a sa mata leda a ƙarƙashin tafin ƙafa don ya yi santsi a kan tayil, ta riƙa jan diddigen baya zuwa ƙarƙashin kujera har inda taji ya ja, ta tsaya nan kaɗan sannan ta mayar, wannan shi ne maganin riƙewar. Bayan la'asar tashi da zama daga kujera mai hannu, mai ɗan tsayi, sau biyar zuwa goma. Duk ƙafa biyun za ta yi wa, ta hagun ma tana buƙata.

Tafiya kuma a fara da minti biyar sau uku a rana, duk sati a ƙara minti biyu ko uku. Inda ake so a kai shi ne minti 150 a sati, wato minti 30 kwana biyar, kuma ba dole a yi su a tashi ɗaya ba, goma goma ma ya yi. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan ɗaga amma tana iya hira dake. Nasan Legas, nasan titin unguwa da kwata a buɗe da 'yan okada da keke suna shigowa ta ko'ina, in anyi ruwa kuma ba wajen sa ƙafa, to ba sai ta hau titi ba. Tsakar gida ya isa, barandar gidan haya ma in an kwashe bokitai da risho daga hanya ta isa, ko layinku da sassafe kafin gari ya cika ke kina gefenta. Ku sai mata takalmi mai rufe diddige, silifas a kan jiƙaƙƙen tayil ya kada tsofaffi da yawa. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar da tafi ciwo ake riƙe ta. In akwai bene, mai ƙarfin ce take fara hawa, mai ciwon ce take fara sauka. In za ku asibiti kar a cusa ta a kujerar bayan motar haya ta danfo, ta samu inda zata miƙe ƙafa, in gosulo ya riƙe ku ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa.

Kuma dan Allah ku mayar mata da butarta. Ta je ta yi alwala da kanta, ta shiga kicin ta duba miya, ta raka baƙo bakin ƙofa, duk motsi ne, kuma yana dawo wa mutum da jin cewa shi ba kaya bane.

Zata ji ciwo, wannan ba makawa, sai dai ku san wanne ne na aiki wanne ne na gargaɗi. In kika ce ta auna daga 1 zuwa 10, ciwon da bai wuce 4 ko 5 ba kuma ya lafa kafin washegari ba komai, a ci gaba. In ya kwana ya wuni ko gwiwar ta ƙara kumbura, an zarce, gobe a rage rabi amma kar a daina. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 tana sauke kumburi. Ku guji haɗin ƙwayoyin da ake sayarwa a mota da tasha na ciwon jiki, irin su diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha ba ƙa'ida suna taɓa ƙoda suna kawo olsa, musamman ga mai shekarun Mama. In tana da hawan jini ko suga ko ciwon zuciya likitanta ya sani kafin a ƙara tafiyar.

Maganar sujada ta taɓa ni, don kusan duk Hajiyar da na duba sai ta yi min ita, wata ma ita ce tambayarta ta farko kafin ta ciwo. Ki tuna mata hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sallarta a kujera sallah ce, malaminku zai ƙara mata bayani. Ta ɓangarenmu, wasu suna komawa durƙuso bayan watanni da filo mai laushi a ƙasa in likitan tiyata ya yarda, amma zaman tahiya yana son lanƙwasuwar da gwiwar ƙarfe da yawa bata kaiwa, kar ta tilasta. Haka masai na tsugunno da kujera 'yar tsugunno a ajiye su, a sama mata na zama.

In kuka ga sha-raɓarta ta kumbura ta yi zafi, ko gwiwar ta yi ja da zazzaɓi, ko tabon ya fara fitar da ruwa, ko ƙafar ta ƙi ɗaukarta farat ɗaya, a tsayar da motsa jikin a tafi asibiti ranar. In ciwon ƙirji ne ko numfashi ya sarƙe, ko tsakar dare ne kar a jira gari ya waye.